Baƙin Mai a Kan Cibiya

Ni fa ba na shan nono. Ba madara, ba kindirmo, ba furar da aka dama da shi. A makarantar da nake koyarwa a Funtua, in mai fura ta leƙo ɗakin malamai da rana kowa ya miƙa kofinsa, ni sai in ja kujerata in koma bakin taga. Suna yi mini tsiya, wai yaya za a yi wadda ta tashi a gidan gonar shanu ta ce ba ta shan nono. Nakan ce musu ai shi ya sa, wanda bai san inda abin yake fitowa ba shi ne yake sha yana lumshe ido. Su yi dariya, ni ma in taya su. Amma wannan rabin maganar ce. Sauran rabin ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Gidan gonar na wani Alhaji ne mai fataucin hatsi, yana can bayan Ƙarfi, tafiya ce mai ɗan nisa daga bakin titi. Fili ne aka zagaye da waya, da rijiyar burtsatse, da manyan rumfunan kwano biyu, sai shanu da ban taɓa damuwa in san yawansu ba. Babanmu shi ne mai kula da garken. Ba Bafulatani ba ne, amma cikin Fulani ya yi ƙuruciyarsa, kuma duk abin da suka sani game da saniya ya kwashe shi. Ɗakuna biyu aka ba mu a jikin rumfar maruƙa. Jikin rumfar fa nake nufi, bango ɗaya ne tsakanin inda nake kwana da inda suke fitsari. Mu huɗu ne a gidan: Baba, Inna, ni, sai ƙanena da na girme shi da shekara uku. Daga kansa Inna ba ta sake haihuwa ba, don haka Auta muke ce masa.

Yanzu sai in ga mutane suna sa hoton gidan gona a waya, ciyawa kore shar, fararen shanu, wani ya karkata hula yana murmushi, a rubuta a ƙasa wai rayuwa mai daɗi. Tir! Waya ba ta ɗaukar wari, shi ya sa. Wari kuwa kala-kala ne a wurin nan, kowanne da lokacinsa. Da sassafe zarnin fitsari ne yake tashe ka, har idonka ya yi ruwa. Da hantsi, in rana ta bugi kashin da ruwan sama ya jiƙa, wani tururi ne yake tasowa ya shige maka maƙogwaro. Ga ƙarnin ƙwaryar tatsa. Ga na mabiyiya in saniya ta haihu, kuma tana gamawa ta juya ta cinye abarta a gabanka tana lashe baki. Ranar da na fara ganin wannan, kwana biyu ban ci miyar kuɓewa ba.

Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce yau za a koya muku aiki. Kawai ka wayi gari ne an miƙa maka abu. Ina shekara shida aka ba ni riƙon wutsiya lokacin tatsa, don kar saniya ta sharɓa wa mai tatsar kashi a fuska. Ni sai ta sharɓa mini. Da na ƙara girma aka ba ni shebur da baro, in kwashe kashin rumfar maruƙa in kai juji, inda manoman masara suke zuwa ɗiba in damina ta kusa. Sai jiƙa dusa da gurya. Sai cire kaska, wanda shi ne ya fi ƙona mini rai. Ka durƙusa ƙarƙashin saniya, ka ɗaga hantsa, ka tarar da su jere sun sha jini sun yi tiɓis, ka tsinke su ɗaya bayan ɗaya ka jefa cikin gwangwanin kananzir. Ni leda nake ɗaurawa a hannu kafin in taɓa. In Inna ta hango ni sai ta rangaɗa guɗa ta ce, "A ba Hajiya hanya, ta iso daga birni!"

Auta kuwa, kai, yaron nan Allah ya jarabce shi da son dabba. Da farce yake fasa kaska a kan dutse, jinin ya fantsamar masa a kumatu ya share da hannun riga. Yakan tura yatsunsa cikin bakin maraƙi ya bar shi ya yi ta tsotso, yawu yana dalala har gwiwar hannu, sannan ya zo zai sa hannun a kwanon tuwonmu. Faɗanmu na kullum ke nan. Yana kwance a ɗaki zai ji saniya ta yi kuka ya gaya maka wace ce, da abin da yake damunta. Ni kuma kullum da safe sai na dirje jikina da soso har fata ta yi zafi kafin in tafi makaranta. Duk da haka wata rana wata yarinya ta toshe hanci a aji ta ce, "Wai wa ya shigo mana da saniya ne?" Ajin ya kwashe da dariya. Ranar na rantse a raina sai na bar gidan gonar nan ko ta halin ƙaƙa.

A cikin garken nan duka, saniya ɗaya ce tamu. Alhaji ne ya ba Baba ita kyauta bayan ya daɗe yana yi masa aiki. Nonon sauran shanun ana tarawa a kai wa Alhaji, nata kuwa na gidanmu ne. Sau uku tana haihuwa, duk maza, kuma namiji ba ya zama a gidan talaka, da ya tasa hidima take cinye shi. A daminar da nake shekara goma sha uku, muna cikin dogon hutu, ta haihu na huɗu. Baba ya ɗaga ƙafar ɗan ya duba, ya yi hamdala, ya kira Auta.

"Mace ce," ya ce masa. "Taka ce. In Allah ya raya ta, daga kanta garkenka zai fara."

Auta ya matso kusa. Durƙusawa ya yi ya rungume maraƙar, da majinar haihuwar da komai, ni kuwa na kau da kai ina tofar da yawu.

Kwana shida da haihuwarta cibiyarta ta yi tsutsa. Ba wani abin mamaki ba ne da damina: ƙuda ya sami ɗanyen wuri ya yi ƙwai. Auta ne ya gano, shi yake yi mata magani safe da yamma, har ta fara samun sauƙi. Sai ga saƙo daga Alhaji cewa ya sayi wasu shanu a wajen Danja, a je a koro su a ƙafa. Da zuwa, da jiran a yi musu allura, da lallaɓo su ta burtali don kar su faɗa gonar mutane, kwana biyar za a yi. Baba ya shiga daji ya saro sanda, ya kankare ta, ya miƙa wa Auta ya ce da shi za a je. Wannan ce tafiyarsa ta farko da garke. Murna kamar ta kashe shi, sai kuma ya tuna da maraƙarsa.

"Baba, cibiyar fa?"

Inna a lokacin karkare ya kama mata babban yatsa, hannun a naɗe yake, ko tuwo ni nake tuƙawa. Ma'aikatan gonar su biyu da za a bari kuwa garken Alhaji ya ishe su. Baba ya dube ni ya ce, "Ga yayarka nan. Ta isa."

Da yammar ranar Auta ya zo ya same ni ina wanke-wanke.

"Yaya, zo ki gani don Allah. Ba wuya."

"Na ce maka na iya."

"To ki dai zo ki gani."

Na bi shi ina ƙunƙuni. Ya kwantar da maraƙar ya danne ta da gwiwa a hankali. Ya wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi. Ya ɗiga kananzir a bakin ramin, ya ce a ɗan jira. Can sai ga su suna leƙowa, farare, masu baƙin baki. Ya sa tsinken tsintsiya yana zaro su yana yarwa kaji suna tsincewa. Ya matse gefen wurin har mugunya ta ƙare, jini mai kyau ya biyo. Daga ƙarshe ya tsoma gashin kaza a gwangwanin baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga injin ban ruwa, ya shafa sama-sama.

"Baƙin man nan shi ne na ƙarshe, Yaya," ya ce. "Don ƙuda ne kawai. In kika shafa suna ciki, kin rufe su da ita ke nan, ciki za su yi ta ci."

"Na ji! Sai ka ce wani likita."

"Safe da yamma, Yaya."

"Kai, ka ishe ni. Na ce na ji."

Ina so a lura da wannan. Ba za a ce ban sani ba. An nuna mini, an gaya mini da Hausa, kuma na ce na ji.

Washegari suka tafi. Gaskiyar Allah, safiyar farko na yi niyya. Na ɗumama ruwa, na ɗaura leda a hannu, na kwantar da ita, na wanke, na ɗiga kananzir. Ta farko ta leƙo, ƙatuwa, ta ƙoshi. Na kai tsinke, sai ta suɓuce ta faɗo mini a tsintsiyar hannu, daidai inda ledar ta ƙare, ta fara tafiya a kan fatata. Wayyo Allah! Na yi tsalle na watsar da komai, na zagaya bayan rumfa na amayar da kokon da na sha tas. Na daɗe a tsugune ina goge hannuna da ƙasa. Da na dawo maraƙar ta miƙe tana kallona da manyan idanunta. Na dubi tsinken a ƙasa. Na dubi gwangwanin baƙin mai. Na ɗauki gashin kaza na dangwalo da yawa, na lafta a kan ramin har ya rufe ruf. Wurin ya yi baƙi ƙirin, sumul, ba ka ganin komai.

"Kin gama?" Inna ta tambaya daga ƙofar ɗaki.

"Na gama."

Da yamma ko kwantar da ita ban yi ba. A tsaye na sunkuya na ƙara mata wani man a kan na safe. Na ce wa kaina ai man da ƙarfi, zai kashe su a ciki. Na san ƙarya nake yi, amma ƙaryar ta fi tsutsa daɗin taɓawa.

Kwana na uku, da aka kwance maruƙa daga dangwali, igiyar nan mai sarƙa-sarƙa da ake jera su a jiki, kowanne ya ruga wurin uwarsa, ita sai ta tafi a hankali, bayanta a gantsare. Ta ɗan tsotsa ta saki. Wurin ya kumbura, kuma wani ɗoyi ya fara fitowa wanda ya bambanta da duk warin da na lissafa a baya. Na naɗe hancina da ɗankwali na ƙara mai. Kwana na huɗu kumburin ya kai ƙwallon mangwaro. Da na kai gashin kazar, wallahi sai na ga fatar tana motsi da kanta. Na yi tunanin in gaya wa Inna, ko in kira ɗaya daga cikin ma'aikatan, minti nawa ne su buɗe su wanke? Amma duk wanda ya buɗe zai ga man kwana huɗu a jere, ya san abin da na yi. Sai na zaɓi mutuncina. Har addu'a na yi bayan sallah, don tsabar rashin kunya, wai Allah ya ba ta lafiya kafin su dawo.

Rana ta biyar bayan la'asar muka ji kukan baƙin shanu daga bakin waya. Auta ya shigo ƙafafunsa duk taɓo, ya rame, leɓensa ya bushe, yana riƙe da sandarsa. Inna ta miƙa masa ruwa bai karɓa ba. Ya zaro wata 'yar igiya daga aljihu, a hanya ya saƙa ta da kaba, wai ta wuyan maraƙarsa ce, ya ruga rumfa. Ina tsakar gida na ji ya ƙwala kira.

"Baba! Baba, zo!"

Tana kwance, ta miƙe wuya a ƙasa. Baba ya tsuguna ya shinshina, ya zaro wuƙarsa ya fara kankare man da bayanta. Ɓawo-ɓawo yake tashi, wani kan wani. Da ya kai ƙarshe ya ɗan danna, sai wurin ya fashe. Ba zan iya kwatanta abin da ya zubo ba, kuma ba na so. Abin da zan ce kawai, ramin da na bari kamar bakin kwalba ya zama wanda hannun Baba ya shige har wuyan hannu, kuma cike yake, yana tafasa. Kaji suka taru. Inna ta yi salati ta koma da baya.

Auta ya ɗago ya dube ni, hawaye yana bin taɓon fuskarsa.

"Yaya, kin wanke kuwa?"

"Wallahi safe da yamma," na ce. Ko ƙifta ido ban yi ba.

Baba ya dubi bayan wuƙarsa, ya dube ni. Ya goge wuƙar a ƙasa. "Man ya yi kauri," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Auta ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "To ni ne. Ranar da za mu tafi sauri nake yi. Ƙila na bar wasu a can ciki ban gani ba."

Da kunnena na ji shi. Yaro ɗan shekara goma ya ɗauki laifina ya aza a kansa, ina tsaye, na yi shiru.

Sun wanke, sun cire abin da za su iya cirewa, Baba har ya aika Malumfashi aka sayo allura. Washegari da hantsi ta mutu.

To, saniyar gida ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta. Haka ake tatsa: a saki maraƙi ya ɗan tsotsa, nono ya sauko, a janye shi a ɗaure a ƙafarta ta gaba, tana lasarsa ana tatsa. In ba ɗan, sai ta ɗauke nonon ƙaf, ko za ka tsinke mata hantsa. Saniyarmu ta kwana biyu tana kuka tana zagaya rumfar maruƙa, hantsarta ta cika ta yi tauri, kowa ya matso ta kai masa harbi. Baba ya san za a yi haka. Tun ranar da maraƙar ta mutu ya feɗe ta, ya bar kan da ƙafafun a jikin fatar, ya zuba gishiri ya shanya a inuwa. Rana ta uku ya cusa mata busasshiyar ciyawa da buntun shinkafa, ya sa karare huɗu a ƙafafun, ya ɗinke cikin da igiya. Wurin Fulani ya koyi wannan. Da ya tsayar da ita a tsakar gida, kan ya langaɓe gefe, ramukan idon ba komai a ciki.

"Ke," ya kira ni. "Daga yau ke za ki riƙa kai mata 'yarta."

"Haba Malam," Inna ta ce, "ka san yarinyar nan da ƙyanƙyami. Ba za ta iya ba."

"Za ta iya."

Abin ba shi da mariƙi, dole sai ka rungume shi a ƙirji. Fatar ba ta gama bushewa ba, da sanyi-sanyinta, tana ɗoyi, kan yana bugun kafaɗata ina tafiya. Na kai gaban saniyar na tsayar, na yayyafa ruwan kanwa a bayan kamar yadda Baba ya ce. Saniyar ta daina kuka. Ta matso ta shinshina tun daga kai har wutsiya. Ta yi wani ɗan gurnani can ƙasan maƙoshi, irin wanda suke yi wa sabon haihuwa, ta fara lasa. Ina riƙe da abin don kar ya faɗi, ina jin ƙarfin harshenta yana tura ni. Can sai na ji tsiyayar nono a ƙwaryar Baba. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar safiyar nan ba.

Fata ba ta bushewa da damina. Kwana kaɗan ƙuda ya sami wurin ɗinkin, da cikin kunnuwa, da ramukan ido. Na je na gaya wa Baba abin ya yi tsutsa, ina fatan ya ce a jefar.  Ya zari tsinke ɗaya daga tsintsiyar Inna ya miƙo mini, ya nuna mini gwangwanin kananzir da haɓa.

Sai ga shi na iya. Kullum da safe in zauna bayan rumfa, in ɗora fatar a cinya, in ɗiga kananzir, in jira, in zaro su ɗaya bayan ɗaya. Na yi amai ranar farko da ta biyu. Ta uku ban yi ba. Kafin mako ya zagayo na daina ɗaura leda, don tana hana ni riƙe tsinken da kyau. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har gobe: ashe kwana uku kawai ake bukata mutum ya saba. Aikin da na ƙi yi wa mai rai kwana biyar, na yi wa fata da ciyawa kusan wata biyu, kuma na ƙware.

Nonon da ake tatsa kuwa gidanmu yake shigowa. Inna ta kafa kindirmo, ta dama fura da rana, ta miƙo mini ludayi. Ina kai shi baki sai in ji warin fatar nan. Tun Inna tana faɗa har ta gaji ta ƙyale ni. Auta yana sha, amma bai ƙara tsayawa wurin tatsar saniyarmu ba, in an zo kanta sai ya tafi can ƙarshen garke ya sami abin yi. Wata safiya na je ɗaukar fatar inda nake rataye ta, na tarar da 'yar igiyar kabar nan ɗaure a wuyanta. Haka na riƙa kai ta da igiyar har saniyar ta lashe gashin bayan ya ƙare, nonon ya ja baya, Baba ya ce in kai juji in binne.

Saniyar ta sake haihuwa sau biyu, duk maza. Daga baya aka sayar da ita lokacin jinyar Inna. Auta bai mallaki saniya tasa ta kansa ba sai da ya haura shekara ashirin. Ni kuwa na cika rantsuwata, na yi karatu, na yi aure a Funtua, gidana ko kaza ba na ajiyewa. Baba ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Auta ne ya gaje shi a gidan gonar, ko da yake garken ya ragu tun da ɓarayin shanu suka sa kowa ya shiga taitayinsa. Mutumin kirki ne ƙanena. Duk kaka sai ya aiko mini da masara, in yarana sun je hutu ya ɗora su a bayan sa yana riƙe da su. Na sha ɗaura niyyar in gaya masa. Kullum sai in ce ai abin ya wuce, maraƙa ce fa, wa yake tuna maraƙa bayan shekara ashirin?

Bara matarsa ta haihu na biyu, mace. Inna ba ta da rai, uwar matar kuma tana Kafur ba ta da lafiya, don haka ni na ɗauki hutu na je zaman jego. Ɗakunan nan biyu dai, bangon nan dai, zarnin nan dai. Kwana uku da haihuwa, da safe, na yi wa jaririyar wanka na shimfiɗa ta a cinyata. Na sa a kawo mini garwashi a kasko da tsumma mai tsabta zan gasa mata cibi. Ni da na haifi uku, na kuma yi wa 'ya'yan maƙwabta ba adadi. Na ɗumama tsumman ke nan sai inuwa ta rufe ƙofa. Auta ne, ya dawo daga tatsa, ƙwarya a hannunsa. Namiji ba ya shiga wannan sha'ani, ko kallo ba ya tsayawa yi. Amma ya tsaya.

"Yaya," ya ce, "bari in kira matar maƙwabcinmu ta yi."

Matarsa ta ɗago daga gado. "Haba, ga Yaya a zaune? Ai ta fi kowa iyawa."

Bai dube ta ba. Ni yake kallo, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan, har da ɗan murmushi irin na ban haƙuri.

"Cibiya ce, Yaya," ya ce a hankali. "Bar shi kawai."

Ban san tun yaushe ya sani ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana buɗe cibiyar maruƙa ai ba sai an gaya masa yadda man kwana biyar yake kama ba. Wataƙila ma tun ranar ya sani, ya ce shi ne don ya rufa mini asiri a gaban Baba. Na buɗe baki, ga maganar a kan harshena, wadda na shekara ashirin ina riƙe da ita. Sai na ji matar maƙwabcin ta yi sallama a tsakar gida, ashe ya riga ya aika a kira ta.

Na miƙa mata jaririyar, na miƙa mata tsumman da ɗuminsa. A bakin ƙofa akwai baho cike da zannuwan jego da tsummokaran kashin jaririya, tun jiya suke jiƙe, ƙuda yana bin su. Na naɗe hannun rigata na ɗauka na nufi bakin rijiya. Auta ya matsa ya ba ni hanya. Wannan aikin kam bai ce in bar shi ba.